Ɗan Fashin Teku a Garin da Babu Teku

Rubutun nan zai yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai ya samu sarari.

Ranar Talatar da ta wuce, bayan Magariba, wani ƙanenmu ɗan aji ɗaya, ɗan garinmu Udubo, ya kira ni muryarsa tana rawa. "Yaya, ka zo bakin get, sun riƙe ni." Na bar indomi a kan risho na fita a guje. Na same shi tsugune, masu gadi uku a kansa, an karɓe katin shaidarsa. Laifinsa rigar da ke jikinsa: baƙa ce, a ƙirjinta akwai zanen ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. A gwanjo ya saye ta a kasuwar Azare, don tana da arha kuma ba ta nuna datti. Su kuwa sun ce ɗan ƙungiyar asiri suka kama.

Dattijon cikinsu ya ce masa, "Ɗana, ka san abin da aka rubuta a ƙirjinka kuwa?" Ya ce, "Wallahi Baba ta 'yan ƙwallo ce." Kuma gaskiyarsa. Rigar Orlando Pirates ce, kulob ɗin Soweto na Afirka ta Kudu da aka kafa a 1937, wanda ya ci kofin zakarun Afirka a 1995. Sai da na buɗo hotunan 'yan wasan a waya, na yi ta "Baba a yi haƙuri, yaro ne, baƙo ne," kafin aka ba shi katinsa, ya koma ɗaki da singileti, rigar a dunƙule a hannu. Da maganar ta kai gaban kwamitin ladabtarwa Allah kaɗai ya san inda za ta tsaya, ga shi riɗin gidansu aka sayar aka biya masa rajista.

Muna wajen mai shayi daga baya yana hucewa, sai ya ce, "Yaya, wai mene ne ma fairet ɗin nan?" Na ce ɗan fashin teku. Ya ce, "To ni da ko tekun ban taɓa gani ba?" Kowa ya yi dariya. Ni dai tambayar ta maƙale min, na ƙare satin ina bin sawun kalmar maimakon karatun tes. Ga abin da na samo.

Kalmar "pirate" ta shiga Ingilishi ne daga Latin, inda ake cewa "pirata", su kuma Rumawa daga Girkanci suka aro ta, "peirates". Tushenta "peira", wato gwaji ko yunƙuri. A asalin kalmar babu teku, babu jirgi, babu sata. Mai gwada sa'arsa ne kawai, wanda ya yunƙura ya afka wa wani ya ga ko za ta fishshe shi. Daga wannan saiwar dai kalmar "empirical" ta fito, wadda malaman bincike suke cika mana kunne da ita a aji uku. Ɗan fashi da mai gwaji a ɗakin kimiyya 'yan gida ɗaya ne a Girkanci, sana'a ce ta raba su.

Tamu kalmar ta fi fitowa fili. Fashi daga fasa yake. Ana fasa tulu, ana fasa dutse, ana fasa shago, a da kuma ana fasa ayari: a tare fatake a dokar daji, a tarwatsa su, a kwashe jakuna da kaya. Bahaushe ya bambanta ɓarawo da ɗan fashi tun tuni. Ɓarawo mai sanɗa ne, yana jin kunyar a gan shi. Ɗan fashi da makami yake zuwa, ido na ganin ido. Sai kuma "hari", wanda ya ɗan fi fashi mutunci a kunne domin da sarki ko jarumi a gabansa, sannan "yaƙi", wanda har kirari ake yi wa mai yin sa. Ku riƙe kalmomin nan uku, fashi da hari da yaƙi, za mu dawo kansu. Shi kuwa "ɗan fashin teku" ɗinki ne na gidajen rediyo da jaridu: an ɗauki ɗan fashinmu na tudu an manna masa teku, saboda labaran duniya sun zo da abin da ba mu da shi. Da yawanmu a labaran Somaliya muka fara jin sa, wajen 2009, lokacin da aka kama jirgin Maersk Alabama, wanda daga baya aka yi fim ɗin Captain Phillips a kansa. Larabawa ma aro suka yi. "Ƙursan" da "ƙarsana" daga "corsaro" na Italiyanci suke, kuma yau da kalmar suke kiran masu kutse a kwamfuta.

Rumawa ne suka fara ɗaure kalmar da doka. A wajen shekara ta 75 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masu fashin Bahar Rum sun kama Yuliyas Kaisar yana saurayi, suka nemi fansar talanti 20 na azurfa. Masanin tarihi Plutarch ya ba da labarin cewa Kaisar ya raina kuɗin, ya sa suka mai da shi 50, ya zauna da su kwana 38, da aka fanshe shi ya dawo da jirage ya kama su ya gicciye su. Garkuwa da mutane don kuɗin fansa ke nan, fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. A shekara ta 67 kafin haihuwar Annabi Isa, Pompey ya share tekun cikin kusan wata uku. Shi kuma Cicero ya kafa ra'ayin da har yau dokar duniya take tafiya a kai, cewa irin wannan mutumin maƙiyin kowa ne, ba shi da alfarmar da abokin gaba yake da ita a fagen yaƙi, ko alkawari aka yi masa ba dole a cika ba.

A nan ne kalmar ta zama makami. In ka kira mutum abokin gaba, akwai sulhu, akwai musayar fursuna, akwai jakada. In ka kira shi ɗan fashin teku, ka fitar da shi daga duk wannan, igiya kawai ta rage. Don haka wanda yake da ikon raɗa sunan ya riga ya yanke rabin hukuncin.

Wani babban malamin Kirista, Augustine, mutumin Arewacin Afirka da ya zauna a garin Hippo, Annaba ta Aljeriya a yau, ya kawo wani labari a littafinsa na ƙarni na 5. An kama wani mai fashin teku aka kai shi gaban Iskandar na Masedoniya. Iskandar ya tuhume shi da addabar teku, shi kuwa ya mayar masa da cewa aikinsu ɗaya, bambancin kawai shi da ƙaramin jirgi yake yi shi ya sa ake ce masa ɗan fashi, Iskandar da rundunar jirage yake yi shi ya sa ake ce masa sarki.

Da na karanta wannan sai na tuna abin da muke karantawa kowace Juma'a ba mu tsaya a kai ba. A Suratul Kahfi, bawan Allahn da Annabi Musa (AS) ya bi ya huda jirgin wasu miskinai masu aiki a teku, daga baya ya bayyana dalili a aya ta 79: akwai wanda yake ƙwace jirage da ƙarfi a gabansu. Wane ne mai ƙwacen? Sarki. Alƙur'ani ya bar masa sarautarsa, ya kuma kira aikinsa da sunansa, ƙwace. Rawanin bai canza sunan aikin ba. Malamanmu na fiƙihu ma da suka zo babin hiraba, kan aya ta 33 a Suratul Ma'ida, aikin suka duba: tare hanya, firgita matafiya, ƙwatar dukiya da makami.

Tarihin Turai kuwa cike yake da masu rawanin. Akwai tsarin da sarki zai ba mai jirgi takardar izini ya je ya washe jiragen abokan gaba, a raba ganima da fada. Da takardar kai ma'aikaci ne, babu ita kai abin rataya ne, alhali igwar ɗaya ce. Francis Drake ya washe jiragen Sifen da garuruwansu, Sifaniyawa suna kiransa ɗan fashi, Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta Ingila kuwa ta ba shi sarautar Sa a 1581. Kafin nan ya yi tafiye-tafiye da ɗan uwansa John Hawkins, wanda tun 1562 yake kamo mutane a gaɓar Saliyo yana sayarwa a ƙetaren teku, har sarauniyar ta ba da aron jirginta a tafiyar 1564. Wannan a littafinsu ciniki ne. A ɗaya ɓangaren ga Khairuddin Barbarossa, wanda Turai ta ɗauka shugaban 'yan fashin Bahar Rum, Sarkin Turkawa Sulaiman kuwa ya naɗa shi babban kwamandan jiragen daularsa, kabarinsa yana Istanbul ana girmama shi har gobe. Sai a 1856, a yarjejeniyar Paris, manyan ƙasashen Turai suka soke tsarin takardar, bayan sun gama cin moriyarsa.

Ga wanda zai ba 'yan Kwari da 'yan Wambai masu zuwa saro kaya mamaki. Gaɓar da Dubai da Sharja suke a kai, a taswirar Ingilishi ta da sunanta gaɓar 'yan fashin teku. Da wannan hujjar jiragen Ingila suka kai wa Ras al-Khaima farmaki a 1809 da 1819, aka sa hannu a yarjejeniyar 1820, aka shiga ƙarƙashinsu har 1971. Sarkin Sharja, Sultan bin Muhammad al-Ƙasimi, ya rubuta littafi guda a 1986 yana kare kakanninsa, cewa kamfanin Ingila na Indiya ne ya kambama zargin don ya mallake hanyar ciniki. A ƙasarmu ma, da kamfanin Royal Niger ya samu takardar sarauta a 1886 ya toshe wa mutanen Nembe kasuwannin da suka gada a kogin Neja, duk wanda ya bi tsohuwar hanyarsa ya zama ɗan fasa-ƙwauri. Da Sarki Koko ya kai wa hedikwatar kamfanin a Akassa hari a Janairun 1895, jiragen yaƙin Ingila suka zo suka ƙona Nembe.

To, duk wannan nesa ne. Abin da ya hana ni barci shi ne ganin kalmar ta taɓa zuwa har ƙofar gidanmu.

Mu mutanen ƙasar Guddiri muna cewa ba mu da teku, amma ruwanmu yana da inda yake zuwa. Kogin Jama'are da ya bi ta gefen tsohon garin Katagum yana haɗuwa da na Haɗeja, su zama Komadugu Yobe, su zube a Tafkin Chadi. A cikin tafkin, a kan tsibirai, akwai mutanen da maƙwabtansu Barebari suke kira Buduma, wato mutanen ciyawa, su kuwa suna kiran kansu Yedina. Masunta ne kuma makiyaya, masu shanun Kuri masu manyan ƙaho kamar tulu, waɗanda suke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Suna ɗaure damin ciyawar tafki su yi kwalekwale, suna da manyan jiragen katako ma. Kuma, gaskiya ɗaya ce, sun sha fitowa da dare su faɗa wa ƙauyukan bakin ruwa, su kwashi shanu da mutane, su koma cikin ciyayin da dokin Borno ba ya iya shiga.

A Fabrairun 1823 Turawa uku suka iso Kukawa wajen Shehu Laminu bayan sun ratso Sahara daga Tarabulus: Dixon Denham, Hugh Clapperton da likita Walter Oudney. Biyun ƙarshe su ne suka biyo ta wajenmu a hanyarsu ta Kano. Sun sauka Katagum a farkon Janairun 1824, Sarki Ɗankauwa ya karɓe su, kuma Oudney a ƙasarmu ya rasu ranar 12 ga wannan watan, a Murmur, ba da nisa da Katagum ba. Clapperton, wanda yake amsa sunan Abdullahi, ya wuce Kano har Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Denham ya tsaya yana zagayen tafkin, kuma ta bakin mutanen gaɓa ya kai wa Turai labarin Buduma a matsayin abin tsoro. Kusan shekara 30 bayan haka Heinrich Barth, Abdulkarim ɗin nan da ya zauna a Kano da Kukawa, ya rubuta su a matsayin 'yan fashin ruwan Chadi. Sunan ya bi su cikin littattafan Turai.

Yanzu ku dubi abin da su marubutan suka yi da ƙafarsu. A 1823 Denham ya bi rundunar Barka Gana da Larabawan Bu Khulum zuwa ƙasar Mandara, tafiyar da neman bayi ne a zuciyarta, aka fatattake su a wani garin Fulani, shi kansa da ƙyar ya tsira, an tuɓe masa kaya. A ƙarshen 1851 zuwa farkon 1852, zamanin Shehu Umar, Barth da abokinsa Adolf Overweg sun raka rundunar Borno zuwa ƙasar Musgu, inda aka ƙona ƙauyuka aka koro mata da yara zuwa kasuwa. Barth ya rubuta abin da ya gani, bai ɓoye ƙyamarsa ba, wannan a yaba masa. Amma waɗancan runduna ce, da waziri, da tambura, da tuta. Masu kwalekwalen ciyawa su ne 'yan fashi. Matar da aka raba da ɗanta a Musgu da wadda aka raba da nata a bakin tafki, ban ga ta inda kukansu ya bambanta ba.

Ƙarin abin dariya: Turawan sun taho da jirgin ruwa a gutsuttsure a kan raƙuma, tun daga Tarabulus. Overweg ya harhaɗa shi ya shiga tafkin a daminar 1851, ya yi makonni yana yawo tsakanin tsibiran waɗannan "'yan fashi", suka karɓe shi hannu biyu, ya fito lafiya lau. Zazzaɓi ne ya kashe shi a shekara mai zuwa, a bakin tafkin.

Kada wani ya ce laifin Bature ne kaɗai. Mu ma mun iya. Wajen 1846 Malam Hamza da wasu malaman Tsakuwa suka bar ƙasar Kano kan rikicin haraji, suka shige duwatsun Ningi, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran mutanen wurin. Daga nan har zuwan Turawa, Ningawa suna kai farmaki ƙasashen Kano da Bauchi da Zazzau, suna kama mutane, sarakuna kuma suna hawa su kai musu, musamman Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. In a fada aka ba ka labarin, abin da sarki ya yi yaƙi ne, abin da Ningawa suka yi hari ne ko fashi. Ka zauna da ɗan Ningi a hostal ka ji nasa: kakanninsa mazaje ne da suka ƙi sunkuyawa. Shi kuwa manomin da aka ɗauke a gonarsa, ko daga wane ɓangare, ba wanda ya tambaye shi wace kalma ya zaɓa. Da Lugga ya zo a 1903, sai ya haɗa sarakunan gaba ɗaya ya ce mafarautan bayi ne, da wannan sunan ya halatta wa kansa Kano da Sakkwato. Mai raɗa wa wani suna jiya, yau an raɗa masa.

Wani abokina da muka yi wannan hirar ya ce, "To ke nan babu ɗan fashi, duk siyasa ce?" A'a, malam. Wannan ita ce gadar zaren da ake faɗawa. Masu fashin Somaliya sun ce suna kare ruwansu ne daga jiragen ƙetare masu satar kifi, kuma satar kifin ta faru, amma matuƙan da suka tsare wata da watanni talakawa ne 'yan Filifin da Indiya masu neman abinci. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a mashigin tekun Gini ne, wato bakin ruwanmu. Waɗannan mutane ne masu iyali. Abin da tarihin kalmar ya koya min shi ne in daina tsayawa a sunan, in tambayi jirgin wa aka ƙwace, wa ya ƙwace, ko da kuwa mai ƙwacen yana da hatimi.

Har yau sunan yana da nauyi a kotu. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, a sashe na 101, ta ce sai an yi abin daga wani jirgi zuwa wani, don amfanin kai, a wajen ruwan da yake ƙarƙashin ikon wata ƙasa. In cikin mil 12 daga gaɓa ne, sunansa fashi da makami a ruwa, kotun ƙasar ce da shi. A wannan ma'aunin, ko Buduma na zamanin Barth ba su cancanci sunan ba, don Chadi tafki ne. Najeriya sai a 2019 ta yi dokarta ta musamman kan fashin teku, kuma a Yulin 2021 kotun tarayya a Legas ta ɗaure mutum 10 shekara 12 kowanne kan kama wani jirgin kamun kifi na 'yan Sin. Mu a Arewa mun ga irin wannan dambarwar a tudu. Shekara nawa muna jujjuya 'yan bindiga, ɓarayin daji, 'yan fashin daji, kafin kotun tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda a Nuwamban 2021? Mutanen Zamfara da Katsina sun san abin da ake yi musu tun kafin a gama gardamar suna.

To ta yaya ƙoƙon kai ya zo makaranta har ya kusa cinye ƙanenmu? Ta hanyar labari. Bayan an gama rataye masu fashin tekun Karebiyan a farkon ƙarni na 18, marubuta suka wanke su suka mai da su jarumai. Robert Louis Stevenson ya fitar da Treasure Island a 1883, daga nan ɗan fashi ya zama mai aku a kafaɗa, mai taswirar dukiya, wanda ba ya jin maganar kowa. Wannan hoton ne ya burge ɗalibai bakwai a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1952, cikinsu har da Wole Soyinka, suka kafa ƙungiyar Pyrates. Abin da suka tasa a gaba shi ne ƙabilanci da girman kan ɗaliban da suke kwaikwayon Bature a sutura da magana. Suka ɗauki sunan da mai mulki yake zagi da shi suka sa wa kansu. A 1972 wasu suka ɓalle suka kafa Buccaneers, shi ma wani sunan 'yan fashin tekun ne, wasu ƙungiyoyin suka yi ta tsirowa, gatari da bindiga suka maye gurbin raha. Su Pyrates sun sanar da janyewa daga jami'o'i a 1984, kuma har yau suna musanta cewa su ƙungiyar asiri ce. Amma hanyar ta riga ta buɗe. Ranar 10 ga Yulin 1999 'yan ƙungiyar asiri suka shiga ɗakunan kwanan jami'ar Ife da dare suka kashe ɗalibai biyar, cikinsu har da sakataren ƙungiyar ɗalibai, George Iwilade. Shi ya sa ban ga baƙin dattijon bakin get ba sosai. Abin da ya gani a ƙirjin yaro, akwai jini a bayansa. Kuskurensa ɗaya, ya yanke hukunci daga alama kafin ya tambayi mai ɗauke da ita. 'Yan aji ɗaya, don Allah, in za ku ɗaga rigar gwanjo ku duba zanen kafin ku taya.

Saura ma'ana ta ƙarshe, wadda ta shafe mu duka, har da ni mai wannan dogon surutu. Tun ƙarni na 17 marubutan Ingila suke kiran masu buga littafin wani ba izini da wannan sunan, kafin ma a yi dokar haƙƙin mallaka ta farko a 1710. Mu muka ce satar fasaha, kuma na fi son tamu, don ba ta yi wa abin ado ba. Nan ma mai ƙarfi ne yake raɗa suna. Amurka da take bin duniya da bulala kan finafinanta, ta shafe yawancin ƙarni na 19 tana buga littattafan Ingila kyauta. Charles Dickens ya je can a 1842 ya yi ta ƙorafi, ba su fara kare marubutan ƙetare ba sai 1891. Da wannan hujjar muke fakewa in muna sauke littafin likitanci ko na injiniya da kuɗinsa ya fi kuɗin rajistarmu, kuma wallahi ban san ɗalibin da zai iya rantsuwa bai taɓa ba.

Sai dai hujjar tana da iyaka. Tun da Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, sana'ar fim ɗin Hausa a kan kaset da faifai ta tsaya, 'yan kasuwar Bata da Ƙofar Wambai suna saye suna rarrabawa. Masu kwafa suka fara cin ta, masu tura fim a waya suka ƙarasa kasuwar faifan, shi ya sa yau kusan kowa ya koma YouTube da fim mai dogon zango. Marubuciyar da take sayar da littafinta a WhatsApp, kafin gari ya waye wata ta watsa shi a guruf goma. Waɗannan ba kamfanin Landan ba ne. Su ne miskinan da suke aiki da ƙaramin jirgi, mu kuma a wannan karon mu ne a gabansu.

Jiya na je ɗakin ƙanen namu in mayar masa da cajarsa. Ya juya rigar ciki waje ya rataye ta a ƙusa, ya ce in an yi hutu zai kai ta Udubo ya riƙa shiga gona da ita, can ba mai tambayarsa. A kan katifarsa akwai littafin wani malaminmu, fotokwafi tun daga bango har bango, an ɗinke shi da zare. Na ɗaga na duba, sai na ga sunana a shafin farko. Ni na ba shi, nawa ne na aji ɗaya.